Bashin Karatu na NELFUND da Matsalar Saɓanin Sunaye

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin in yi magana a kan bashin karatu da Gwamnatin Tarayya ke bai wa ɗaliban manyan makarantunta da na jihohi ta hannun asusun NELFUND, wanda aka fara karɓar masu nemansa ta intanet a watan Mayun 2024.

Dokar kanta ban ga laifinta ba. Wadda Shugaba Bola Tinubu ya fara sa wa hannu a 2023 ta gindaya sharaɗin kawo masu tsaya wa ɗalibi, amma gyaran da aka yi mata a watan Afrilun 2024 ya kawar da wannan sharaɗi. Asusun yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye, yana kuma tura wa ɗalibin da ya nema naira 20,000 duk wata na ɗawainiya, sannan ba a fara biya sai shekara biyu bayan kammala bautar ƙasa, inda za a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Bashin kuma babu kuɗin ruwa a kansa, kuma wannan batu ne da ya dace malamanmu su riƙa bayyanawa a wuraren wa'azi, domin iyaye da yawa a ƙasar Argungu da zarar sun ji an ambaci bashi sai su ja da baya saboda tsoron riba.

Inda gizo ke saƙar shi ne takardu. Ana buƙatar lambar JAMB ta jarrabawar shiga manyan makarantu, da lambar NIN ta shaidar ɗan ƙasa, da lambar BVN ta banki, kuma dole bayanan da ke cikinsu su yi daidai da waɗanda makaranta ta miƙa wa asusun. To mu nan yaro Mamman ne a gida, Muhammadu a firamare, ma'aikacin banki kuma ya rubuta masa Mohammed. Ranar haihuwa kuwa, wanda aka haifa a ƙauye ba tare da takarda ba, duk magatakardan da ya tambaye shi sai ya ƙiyasta masa tasa. A wajenmu wannan ba komai ba ne, amma kwamfuta ba ta san laƙabi ba, harafi ɗaya ya isa ta ƙi mutum.

Haka ta faru da ɗan ƙanena, maraya, wanda ya samu gurbin karatu a wata kwaleji. Sau uku muna zuwa Birnin Kebbi gyaran suna, sau biyu ana ce mana na'ura ba ta aiki, har kuɗin mota da na gyaran suka cinye buhun shinkafar da mahaifiyarsa ta ajiye.

Saboda haka ina kira ga shugabannin makarantun sakandare da su duba takardun ɗalibansu tun suna aji biyar, kafin su sayi fom ɗin JAMB, lokacin da gyara bai yi tsada ba. Ƙananan hukumomi irin su Augie da Arewa su ma za su iya ɗaukar nauyin kawo ma'aikatan rajistar NIN hedikwatocinsu ko da sau ɗaya ne a zango. Shi dai yaronmu jarrabawa ta ƙarato, kuma har yau sunansa bai gyaru ba.

Naka,
Wani malamin firamare mai ritaya,
Argungu, Jihar Kebbi.