Zuwa ga Abba, a Abuja

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Nan Gangare kowa ƙalau, sai sanyi da ya sauko da wuri bana, ƙafar nan tawa har ta soma halinta.

Kawunka ya dawo ran Talata, ko ruwa bai sha ba ya hau yi mini barka. Wai ka sauya mota, wai ka kama fili a Kubwa har an ja katanga. Innarka ta rangaɗa guɗa. Ni na ce Allah ya sanya albarka, na shige ɗaki, daren nan ban runtsa ba. Shekara 35 na yi ina lissafin albashin mutane, Abba. Na san abin da mai mataki na 9 ke ɗauka a wata, na kuma san kuɗin buhun siminti.

Ban ce ka yi sata ba, wataƙila bashi ka ci. Sa hannunka ne ke hana ni barci, tun ranar da aka mai da kai sashen kwangila. Oga ba ya rubutawa, da baki zai ce maka wuce da fayil ɗin nan. Ɗan kwangila ya aiko da ambulan a ce na goro ne, a gutsura maka abin da bai kai ya kawo ba. Ranar da masu binciken cin hanci na ICPC ko EFCC suka zo, babu mai tambayar wa ya faɗa. Takarda za su buɗe su ga sunan wa ke ƙasa. Oga yana waje ganin likita, kai kana gidan yarin Kuje.

Da idona na gani. A 1975 ina ƙaramin akawu a nan Jos, lokacin jihar Binuwai-Filato, Murtala ya sallami ma'aikata sama da 10,000. Mutum na zaune zai ji sunansa a rediyo. Wasu sun ci, wasu kuwa hannu kawai suka sa. Wanda ya koya mini aiki yana cikin na biyun. Daga baya a bakin gidan waya na riƙa ganinsa yana rubuta wa mutane wasiƙa, in ya hango ni sai ya sunkuyar da kai. Wancan zamanin takarda ke nan, da fayil ke iya ɓacewa. Yanzu da BVN, kowace naira da ta shiga asusunka tana da sawu.

Takardar bayyana kadarori da kuke cikewa da rantsuwa duk shekara huɗu ku kai Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata, za ka iya sa filin nan a ciki? Da sunan wa ma aka yi takardar filin? Kada ka ce mini kasuwanci, tsarin mulki noma kaɗai ya yarje wa ma'aikaci.

Na san abin da ka faɗa wa Innarka bara, wai Baba ya gama aiki bai tsira da komai ba sai takardar yabo. Ta gaya mini. Haka ne, ɗakunan baya har yau ba rufi, fanshon ma sai na yi ta sintiri. Amma da wannan albashin da ka raina ka yi jami'a, kai da ƙannenka, kuma ba wanda ya taɓa nuna ku da baki a unguwa. Shinkafar da kake aikowa ka dakata da ita tukuna, sai na ji daga bakinka.

Na yi zafi, ka yi haƙuri, tsoro ne. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. In oga ya matsa, ka ce cikin ladabi, ranka ya daɗe a rubuta mini a fayil. In ya ƙi, ka nemi canjin sashe, ko ina ne. In kuma ka riga ka sa hannu a wani abu, ka faɗa mini tun da wuri mu san abin yi, ba zan yi maka faɗa a gaban kowa ba.

Ka zo ƙarshen watan nan, kai kaɗai. Innarka ta ajiye maka dankali da acca, kada ka gaya mata na rubuto. Ka shafa mini kan yaran.

Mahaifinka.