Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyar Yara 'Yan Sikawut da Shirin Iyalai Domin Sabuwar Shekara

Zuwa ga iyaye da masu riƙon yara, da jagororin rukunoni, da dukkan membobin ƙungiya. Bayan gaisuwa da fatan alheri, kwamitin gudanarwa yana gabatar muku da wannan rahoto a kan ayyukan da ƙungiyarmu ta gudanar a shekarar da ta ƙare, tare da bayanin abin da ake buƙata daga kowane gida kafin a buɗe tarukan sabuwar shekara. Mun ba maganar shirin gidaje fili fiye da yadda aka saba, domin da muka zauna muka yi bitar shekarar, mun tarar cewa kusan duk inda aiki ya tafi daidai iyalai ne suka shirya da wuri, kuma inda aka yi tuntuɓe, yawanci shirin gida ne ya makara.

Taron mako-mako shi ne ƙashin bayan aikinmu, kuma mun ci gaba da gudanar da shi bisa tsarin ƙananan rukunoni, inda yara kamar shida suke aiki tare a ƙarƙashin ɗaya daga cikinsu. Wannan tsari ya samo asali ne tun daga sansanin gwaji da Robert Baden-Powell, wanda ya kafa harkar sikawut, ya yi a tsibirin Brownsea na Ingila a watan Agusta na 1907, lokacin da ya raba yara maza 20 zuwa rukuni 4, ya ɗora wa kowane rukuni nauyin kula da kansa. Sashen ƙananan yara irin namu kuwa an kafa shi ne a 1916, saboda ƙannen 'yan sikawut da shekarunsu ba su kai ba amma suka nace sai an tafi da su. A cikin shekarar, yaranmu sun koyi ɗaurin igiya iri-iri, da karanta taswira da amfani da kamfas, da kafa tanti, da matakan farko na taimakon gaggawa kamar wanke rauni da ɗaure shi da sanin lokacin da ya wajaba a kira babba. Da dama daga cikinsu sun karɓi bajo a kan waɗannan fannoni. Abin da ya fi faranta wa jagorori rai shi ne ganin yaran da suka zo mana ba sa iya buɗe baki a gaban jama'a, amma kafin ƙarshen shekara su ne suke tsara 'yan uwansu a layi suna raba musu aiki cikin natsuwa.

Mun kiyaye ranar 22 ga Fabrairu, ranar haihuwar Baden-Powell, inda yara suka sabunta alkawarinsu na zama 'yan sikawut a gaban iyayensu. A watan Oktoba wasu rukunoni sun shiga taron sada zumunci na duniya da ake yi ta rediyo da intanet a ƙarshen mako na uku na watan, suka gaisa da takwarorinsu na wasu ƙasashe a ƙarƙashin kulawar jagorori. An kuma yi aikin tsabtace muhalli da dashen itatuwa, kuma kwamiti yana yaba wa iyayen da suka fito suka yi aikin tare da 'ya'yansu.

Zaman sansani shi ne babban aikin shekarar, kuma a nan ne ya kamata mu faɗa wa juna gaskiya. Yara sun ji daɗinsa, sun kwana a tantunan da suka kafa da hannunsu, sun dawo gida lafiya, amma a cikin shekarar an fuskanci abubuwa biyu da ba ma fatan su maimaitu. Na farko, wani yaro ya kamu da sarƙewar numfashi cikin dare, sai a lokacin jagorori suka gane cewa yana da ciwon asma, domin ba a rubuta hakan a fom ɗin lafiyarsa ba, ba a kuma haɗo shi da maganin shaƙarsa ba. An kira lambar wayar da ke cikin fom ɗin, aka tarar an daɗe da daina amfani da ita. Allah ya taƙaita, an samu kai shi wurin jami'an lafiya a kan lokaci kuma ya warke sarai, amma waɗanda suka kwana a kansa ba za su manta da wannan dare ba. Ba mu kawo labarin don a zargi kowa ba, domin mun san wasu iyaye suna ɓoye lalurar ɗansu ne don gudun kada a hana shi tafiya ko a riƙa nuna masa bambanci. Muna tabbatar muku cewa lalura ba ta hana yaro zama ɗan sikawut, rashin saninta ne yake jefa shi cikin haɗari, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na biyu, an soke wata fita da yara suka daɗe suna ɗokinta saboda manyan da suka yi alkawarin rakiya ba su samu zuwa ba, kuma ba a sanar da kwamiti da wuri ba balle a nemi madadinsu. Wasu iyaye sun ga kamar an tsananta, tunda akwai jagora ɗaya a wurin da yake shirye ya tafi da yaran. Kwamiti yana nan a kan bakansa game da wannan hukunci. Ƙa'idarmu ita ce ba a gudanar da kowane aiki sai da manya aƙalla biyu, kuma ba a barin babba ya keɓe da yaro shi kaɗai inda ba a ganinsu, ko wane ne shi, ko yaya aka amince da shi. Wannan ya dace da manufar kare yara daga cutarwa da Ƙungiyar Sikawut ta Duniya ta amince da ita a babban taronta na 2017, kuma kariya ce ga yaro da shi kansa jagoran. Abin da ya faru a babban gangamin 'yan sikawut na duniya a Koriya ta Kudu a watan Agusta na 2023, inda tsananin zafi ya kwantar da ɗaruruwan mahalarta kafin daga bisani a kwashe kowa daga filin saboda guguwar da ke tafe, ya isa ya nuna mana cewa girman taro da yawan ƙwararru ba sa maye gurbin tanadin ruwan sha da inuwa da tsarin abin da za a yi idan al'amari ya rikice.

Game da kuɗi, ma'aji zai gabatar da cikakken lissafin shiga da fita a taron iyaye, kuma littattafan a buɗe suke ga duk memban da yake son dubawa. Abin lura kawai shi ne jinkirin biyan kuɗin shekara ya sa an makara wajen gyaran tantuna da sabunta kayan akwatin taimakon gaggawa. Duk gidan da biyan ya yi masa nauyi ya tuntuɓi ma'aji a asirce domin a tsara masa biya kaɗan-kaɗan ko a duba yiwuwar sassauci, domin kwamiti ya yanke shawarar cewa ba za a mayar da yaro gida saboda rashin kuɗi ba.

Saboda waɗannan darussa ne muka sauya yadda za a buɗe sabuwar shekara. A da, iyaye sukan kawo yara taron farko sannan a bi su da takardu daga baya, wani lokaci har tsakiyar shekara ana bin wasu. Daga yanzu za a fara da taron iyaye zalla kafin yara su fara zuwa, kuma a wurin ne za a raba jadawalin shekara gaba ɗaya, da ranakun sansani da na fita, domin kowane gida ya daidaita su da lokutan jarrabawa da tafiye-tafiyensa tun da sauran lokaci. A wannan zama ne kuma za a cike takardu uku: fom ɗin rajista, da fom ɗin lafiya, da takardar izinin fita. Ana so fom ɗin lafiya ya ƙunshi kowace lalura, da abubuwan da jikin yaro ba ya karɓa, da magungunan da yake sha da yadda ake ba shi, tare da lambobin waya biyu masu aiki na mutane biyu daban. Tsofaffin membobi ma za su sake cikewa, domin lafiyar yaro da lambar waya duk suna sauyawa cikin shekara. Yaron da takardunsa ba su cika ba zai iya halartar taron mako-mako, amma ba zai shiga kowace fita ba sai an kammala su.

Muna roƙon kowane gida ya ɗauki aƙalla aiki ɗaya a shekara. Ba kowa ne zai iya zama jagora ba, kuma ba ma neman haka, amma akwai rakiya a ranar fita, da jigilar kaya, da ɗinkin tantin da ya yage, da koya wa yara wata sana'a ko fasaha da mutum ya iya a zama ɗaya kawai. Wanda yake son zama jagora na dindindin za a tantance shi, a ba shi horo a kan kare yara da taimakon gaggawa kafin a danƙa masa rukuni. Wanda ya ɗauki rana kuma wani uzuri ya taso masa, ya sanar da sakatare da wuri.

Dangane da yunifom, shawararmu ga sababbin iyalai ita ce kada su yi gaggawar sayen komai a makon farko. A bar yaro ya halarci taruka kaɗan da kayan da zai iya guje-guje a cikinsu da takalmi mai rufe ƙafa, idan ya nuna zai ɗore sai a yi masa yunifom, ƙyallen wuya kuma ana ɗaura masa ne a ranar da ya ɗauki alkawari. Iyalan da 'ya'yansu suka girme wa kayansu su kawo su wurin musayar da za a buɗe a ranar taron iyaye. A rubuta sunan yaro a jikin hularsa da gorar ruwansa da jakarsa, domin jagorori sun ɓata lokaci mai yawa a bara wajen neman masu kayan da aka manta.

Akwai wani ɓangare na shiri da babu fom ɗin da zai ɗauke shi, wato abin da ake yi a cikin gida. Taken 'yan sikawut shi ne kasancewa cikin shiri, kuma yaro ba ya koyon wannan idan kullum uwa ce take haɗa masa jaka yana wasa. Muna roƙon iyaye su ba yaro jerin kayan da ake buƙata, su bar shi ya haɗa da kansa, sannan su duba bayan ya gama. Mun lura a sansani cewa yaron da ya haɗa jakarsa ya san inda tocilarsa take cikin duhu, wanda aka haɗa wa kuwa sai ya zazzage komai a ƙasa. Haka kuma, a zauna da yaro a yi masa bayanin ma'anar alkawari da dokokin sikawut da kalmomin da zai fahimta, kada a tsaya ga hadda kawai, a kuma riƙa tambayarsa wane aikin alheri ya yi wa wani a yinin. Yaron da bai taɓa kwana nesa da iyayensa ba yana buƙatar a fara shirya zuciyarsa makonni kafin sansani, kuma jagorori a shirye suke su tattauna da duk iyayen da suke da damuwa a kan hakan.

Yaran da shekarunsu suka kai na wucewa sashen manyan yara za a yi musu bikin sallama a farkon shekara, kuma za a gayyaci iyayensu su gana da jagororin sabon sashen kafin ranar, domin a wannan gaɓa ce aka fi rasa yara idan ba a riƙe hannunsu ba. Game da kawowa da ɗauka, ba za a miƙa yaro ga wanda sunansa ba ya cikin fom ɗin rajista ba, sai idan iyaye sun sanar da jagoran rukuni tun kafin a tashi. Sakatare zai aika wa kowane gida sanarwar rana da lokacin taron iyaye tare da kwafin takardun uku, kuma gidan da ba zai samu halarta ba ya turo wakili babba wanda ya san lafiyar yaron kuma yake da ikon sa hannu a madadin iyayensa.

Kwamitin Gudanarwa