Maganar tankar ɗanyen mai

Hotoro, Kano

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, ya Fatakwal, ya kasuwa, ya ruwan sama da ba ya ɗauke muku. Nan gida kowa lafiya lau, sai godiyar Allah. Na nemi layinka har na gaji. Dogo ya ce wai tun da albasa ta yi kuɗi ka canza lamba, ka daina ɗaga wayar talakawa. Shi ya sa na zauna na rubuta, zan ba yaran motar da za su sauko muku da kaya su miƙa maka hannu da hannu. Dama maganar ba ta waya ba ce.

Albishirinka, lasin ɗina ya fito! Na babbar mota, ajin G, wanda ake jan tirela da tanka da shi. Ranar da na kawo shi gida sai da Hajiya ta yi hawaye, ta riƙe shi tana juyawa tana sa albarka. Kai shaida ne kan abin da na sha a bayan Oga, daga wankin mota da saka weji (abin tokare taya) da kwana a ƙarƙashin tanka a Ogere da Tafa, har ya fara sakar mini sitiyari in mun fita daga gari. Kafin ya yarda in je neman lasin sai da ya sa na shigar da mota ƙofar garejin nan mai matsi da ribas, yana tsaye hannu a baya bai ce uffan ba. Da na kashe mota na sauko, cewa kawai ya yi, "To, ka zama direba." Wallahi ban taɓa jin daɗin magana kamar wannan ba.

Sai dai lasin ba ya zuwa da makulli. Babu garejin da ban taka ba, daga nan bakin daffo zuwa Mariri, zuwa Na'ibawa, har Dawanau na je wurin masu tirelar hatsi. Duk inda ka shiga tambaya biyu ce: shekara nawa ka yi kana jan mota da kanka, kuma wa zai tsaya maka? Shekarun da ka yi kana yaron mota ba sa shiga lissafi. Garanto kuwa ba na fatar baki ba, so ake mai takardar gida ko babban ma'aikacin gwamnati ya sa hannu. Ni ban ga laifin masu motocin ba sosai. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, lodi ɗaya na lita 45,000 dukiya ce ta miliyoyi, ban da kuɗin motar kanta. Wa zai damƙa wannan a hannun wanda bai sani ba? Ga shi kuma tun Maris na 2025 gwamnati ta hana loda tanka mai lita 60,000, akwai tsofaffin hannu da motocinsu suka tsaya, suna nan zaune a benci ɗaya da mu suna jira. In mota ta samu, su za a fara kira, kuma gaskiya ce a fara kiransu. Samari duk sun zuba ido kan motocin nan 4,000 masu aiki da iskar gas da matatar Dangote ta ce za ta riƙa raba mai da su. Ni ma na haɗa takarduna, Allah ya sa da rabonmu.

Yanzu ga abin da ya hana ni barci. Wani mutum ya same ni a teburin mai shayinmu na baifas, fes da shi, da mota mai kyau. Ya ce wani kamfani a wajenku yana neman direbobi, aikin ɗaukar ɗanyen mai daga wata ƙaramar rijiya zuwa inda ake tara shi. Tafiya gajeriya, biya a kan kowane sawu, kuma kuɗin da ya faɗa ya ninka abin da Oga yake samu a zuwa Legas da dawowa. Bai tambaye ni shekara nawa na yi ba. Bai nemi garanto ba. Cewa ya yi in zo da lasin da kuɗin fom, wurin kwana ma akwai. Na tashi daga wurin zuciyata fari ƙal, kafin in ƙarasa gida jikina ya yi sanyi. Ƙofar da kowa ya rufe mini, me ya sa wannan ya wangale ta haka?

Na kai wa Oga maganar. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Kayan da tsohon direba ya ƙi ɗauka, shi ake nema wa sabon direba." Bai hana ni ba, bai kuma ce in je ba. Ya dai zaunar da ni ya warware mini yadda abin yake. Ɗanyen mai a ƙasar nan ba abin mota ba ne tun asali, ta bututu yake bi zuwa tashoshin Bonny da Forcados da Escravos a loda wa jiragen ruwa. Matatar Kaduna ma da bututu aka haɗa ta tun daga can kudu. Amma akwai ƙananan rijiyoyi da bututu bai kai gare su ba, ko an fasa nasu, su kan sa tanka ta kwashe zuwa wurin tarawa ko wata ƙaramar matata. Wannan halal ne, da takardunsa da izinin hukuma. Matsalar ita ce ɓarayin mai ma tanka suke amfani da ita, kuma titi ɗaya ake bi. Ranar da sojoji suka tare hanya, mai kaya ya kashe waya, dillali ya ɓace, wanda aka samu a kan sitiyari shi ne ɓarawo. Baƙo ne, ba ya jin yaren garin, ba shi da kowa. Kai da bakinka ka ba mu labarin baƙin tokar da ke sauka muku, ka shanya farar riga ka ɗauke ta da dabbare-dabbare saboda masu dafa man sata a cikin daji. To man da suke dafawa ai wani ne yake kai musu, wani kuma yake kwaso abin da suka dafa. Ba na so in zama ni ne, ko da a rashin sani.

Af, kafin in manta, an sa ranar Dogo, bayan Babbar Sallah. Ya ce in gaya maka in ba ka zo ba kada ka ƙara kiransa aboki, kuma kai za ka sayi man motar 'yan ɗaukar amarya tunda kai ne Alhajin cikinmu. Ɗan'auta ya karɓi adaidaita sahu yana biya kullum, yanzu sai ka yi da gaske kafin ka gan shi a majalisa. Filin ƙwallonmu na bayan makaranta kuwa an yanka shi fuloti-fuloti, har an fara zuba bulo. Kai kuma yaushe za mu ji naka? Ko wata ce ta riƙe ka a can da miyar ganye, shi ya sa ko Sallah ba ka zuwa?

Ni dai nawa ya matso, kuma shi ne ya sa maganar mutumin nan take ta dawo mini. Baban yarinyar nan ya aiko a gaya mini in turo magabata, ko in ba wasu wuri. Mutumin kirki ne, ya yi mini haƙuri iya haƙuri. Da me zan tura Kawu? Ya je ya ce yaronmu yana da lasin a aljihu?

Hajiya ban gaya mata zancen kudu ba tukuna. Tanka ma kawai in an ambata sai ta ce Majiya, garin nan na Jigawa. Tun abin da ya faru a can cikin Oktoban 2024, da motar nan da ta taso daga Kano ta faɗi, mutane suka taru kwasar fetur wuta ta tashi, sama da mutum 150 suka rasu, ba ta ƙara samun natsuwa da sana'ar nan ba. Mun bi ta wurin da Oga bayan abin, babu wanda ya iya magana a cikin mota har muka yi nisa. Ni abin da na riƙe shi ne, abin da ke hannun direba ya tsare shi: ya duba birki da taya da kansa, in barci ya zo ya faka ya kwanta, kada ya haɗiyi ƙwaya don ya kai da wuri. Na yi wa Hajiya alkawarin wannan, kuma zan cika da yardar Allah. Ɗanyen mai kuma Oga ya ce yana da nasa hali. Ya fi fetur nauyi, lita ɗaya ba nauyinsu ɗaya ba, don haka tsayawa tana buƙatar nisa. In tanki bai cika ba, ka taka birki sai man ya taho gaba ya tunkuɗo ka, a kwana kuma ya kwanta gefe guda. Ba a leƙa murfin sama da fuska, iskar da ke fitowa tana iya sumar da mutum. Ganga ɗaya lita 159 ce, ka ga tanka mai lita 33,000 ta ɗauki sama da ganga 200 ke nan, kuma ana auna ruwa da laka da ke kwance a ƙasa wurin lodi da wurin saukewa. In lissafi bai daidaita ba, a wuyan wa za a rataya? Wannan ma ban ji mutumin ya ce komai a kai ba.

Don Allah ga abin da nake roƙonka. Na rubuta kwatancen garejin a bayan takardar nan yadda ya ba ni, ya ce ta wajen Eleme ne. Ka samu rana ka je da ƙafarka, kada ka aika yaro. Ka duba ko akwai ofis na gaske da allo, ko motocin suna ɗauke da sunan kamfani, ko da rana ake lodi ko sai dare ya raba. Ka samu 'yan uwanmu direbobi da ke kwana a wajen, ka saya musu shayi ka bugi cikinsu: ana ba su wayabil, wato takardar kayan da suka ɗauka, da takardar izini a hannu? Suna cikin ƙungiyar direbobin tanka ta NUPENG? An taɓa kama wani, kuma da aka kama shi wa ya je belinsa? In da hali ka tambayi mutanen Sarkin Hausawa, su ba abin da ke ɓoye musu. In ka ga abin da bai kwanta maka ba, ka faɗa mini kai tsaye, kada ka ji tausayina. Gara in koma bayan Oga in ci gaba da saka weji da in ci abin da zan kasa kallon Hajiya da shi. In kuma ka ga aikin tsaf yake, to ka fara nema mini gefen katifa, don a ɗakinka zan sauka. Ban ba shi ko sisi ba, na ce sai na yi shawara, ya ce kada in wuce ƙarshen wata.

Da ma aikin haƙar mai na Kolmani da Buhari ya ƙaddamar a 2022 tsakanin Bauchi da Gombe ya kankama, da wataƙila a kusa da gida za mu nemi irin wannan, ba sai mun ƙetare Kwara ba.

Ga ƙullin kilishi da yaji nan inji Hajiya, ta ce naka ne kai kaɗai, ban da rabon 'yan kasuwa. Ta kuma ce in ka samu manja mai kyau ka aiko mata jarka ɗaya ta hannun yaran nan, kuɗin yana wurina. Ka gaida Malam na masallacinku, ka ce ya sa ni a addu'a.

Wassalam,
Naka amini, daga Hotoro