Barka da Sallah daga Gwanzu, da hukunci kan ƙarar Auta

Gwanzu, ƙasar Chana
Ranar Babbar Sallah, 1446

Zuwa ga Hajiya da duk mutanen gida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina yi muku barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Hajiya, Allah ya ƙara girma da lafiya. Allah ya jiƙan Malam, ya kai haske kabarinsa. Yaya, kai za ka karanta wa Hajiya wannan takarda, kuma ban yarda ka tsallake inda aka taɓo ka ba.

Mun sauko idi lafiya kuna tsakiyar barci, tunda awa 7 muke gabanku. Na yi sallah a masallacin da ke daura da lambun Yuexiu, wanda mutanen nan suke cewa a harabarsa kabarin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas yake. Malam ya karantar da mu cewa kusa da Madina ya rasu, aka binne shi a Baƙi'a, amma ban ja da kowa ba, baƙo ba ya gyara wa masu gari tarihinsu ranar idi. Jama'a ta cika maƙil: Musulmin Chana da fararen hulunansu, Larabawan Yaman, 'yan Pakistan, 'yan Mali da Gini, mu kuma na Kano da na Damagaram muka haɗa sahu guda. Na saka farar shaddar da maman yara ta aiko, na kafa hula zanna. A jirgin ƙarƙashin ƙasa wata tsohuwa ta yi ta kallon aikin wuyan rigar, can ta kasa haƙuri ta miƙo hannu ta shafa, ta ɗaga mini babban yatsa. Iyakar yawon Sallar ke nan. A wannan lardi ba a ba da hutu, ƙarfe 11 ina sito ina ƙirga katan-katan na caja, gumi ya jiƙa shaddar sharkaf.

Naman Sallata kwanon taliya ne, irin wadda ake ja da hannu, da yankan nama biyar sirara kamar takarda. Saboda haka ragon da na aiko da kuɗinsa, a ɗauko mini hotonsa a rataye in kashe ƙwarkwatar ido, kuma a kai wa Gwaggo cinya guda kamar yadda Malam ya saba. Kada wani ya ce zai ba masu tahowa soye su kawo mini. Ba a shigowa da nama ƙasar nan, a filin jirgi za a karɓe.

Goron Sallah ma ta waya muka raba. A manhajar WeChat, wadda ake hira da biyan kuɗi da ita a nan, akwai wani jan ambulan da ake zuba kuɗi a ciki a jefa wa mutane, kowa ya danna ya ga rabonsa. Ni na tashi da yuwan 3. Na fi wata biyu ban riƙe takardar kuɗi ba. Mai sayar da lemo, mai gyaran takalmi, har mabaracin da ke zama a kan gadar Xiaobei, kowa da ɗan hotonsa mai murabba'i, ka haska waya ka wuce. Duk ranar da na gan shi sai in tuna farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da Yaya ya wuni a layin banki ya dawo da naira 5,000 yana murna kamar ya ci gasa.

To, Hajiya, ƙararki ta iso. Na saurari saƙon muryar nan na minti huɗu har sau biyu: Auta ba ya barci, hasken waya a ƙarƙashin bargo har asuba, yana ta “harbe shi, harbe shi” shi da abokan da ba a gani, sallar asuba sai an yayyafa masa ruwa. A makon nan kuma shi wanda ake ƙara ya turo nasa saƙon, wai goron Sallarsa PS5 yake so, na'urar nan ta buga gem a talabijin. Ƙarfin hali, ɓarawo da sallama.

Auta, ka cire rai da PS5. Kuɗinta ya saya wa gidan nan raguna, kuma da wace wutar za ka kunna ta? Wadda ake kawo muku ƙarfe biyun dare a ɗauke kafin asuba?

Amma Hajiya, ina roƙon kada a ƙwace wayar ɗungurungum kamar yadda Kawu ya ba da shawara. Bari in ba ki labarin masu abin. Da yawa daga cikin gem ɗin da yaran unguwa suke bugawa a waya, in kin bi diddigi za ki iske hannun kamfanin Tencent a ciki, kuma hedkwatarsa tana Shenzen, tafiyar rabin awa daga nan a jirgin ƙasa mai gudu. Su suke sayar wa duniya, amma tun watan Satumban 2021 gwamnatinsu ta kafa doka: yaron da bai kai shekara 18 ba, ba zai buga gem a intanet ba sai daga ƙarfe 8 zuwa 9 na dare, ranar Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Awa uku ke nan a mako. Ba a shiga sai da lambar katin ɗan ƙasa, kuma in aka yi zargin yaro ne ke amfani da sunan babba, sai wayar ta nemi a nuna mata fuska.

Kin san yaro da dabara. Mai shagon da ke maƙwabtaka da mu yana da ɗa ɗan shekara 12, da katin kakarsa ya yi rajista. Rannan tsohuwar tana gyangyaɗi a kan kujera da mafici a hannu, wayar ta nemi fuska. Sai na ga yaron ya lallaɓo ya tashe ta, ya kanga mata waya a hanci yana ce mata ta ƙifta ido, ta juya kai hagu. Baiwar Allah ta ƙifta, ta juya, ta koma barcinta. A wurin kamfani, wannan tsohuwa mai shekara saba'in da wani abu jaruma ce da ke kwana tana yaƙi. Na yi dariya har uban ya leƙo, daga nan kuma dariya ta ƙare wa yaron. Duk da wannan satar hanya, dokar tana aiki a gidansu, domin uban yana da abin kafa hujja, kuma yaron ya san akwai lokacin da aka ba shi halak malak, ba mai ce masa tashi. Yayarsa kuwa ba ta da lokacin ko kallon waya, tana cikin ɗalibai miliyan 13 da dubu 350 da ke zana jarrabawar shiga jami'a a wannan mako. Kusa da makarantu an hana hon, an dakatar da aikin gini, gari ya yi tsit kamar ana jiran ganin wata.

Gaskiya ɗaya, ni ma ina taɓawa. Ni da abokin zamana Badamagare muna buga ƙwallo a talabijin daren Lahadi, kuma ya fi ni, sai dai ba a gabansa zan faɗa ba. A wurin wani abokin ciniki na gwada gem ɗin da ya tayar da ƙura bara, Black Myth: Wukong, na wani biri mai sanda da suka ɗauko daga tsohuwar tatsuniyarsu. Ya fito 20 ga Agustan 2024, cikin kwana uku aka sayar da miliyan 10. Wani dodo mai ƙaton kai ya kashe ni ya fi sau ashirin, na ajiye. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne gine-ginen ciki. Tsofaffin wuraren tarihinsu na lardin Shanxi suka je suka ɗauka, suka zuba a gem ɗin yadda suke, har matasa suka riƙa tururuwa zuwa ganin na gasken. Ina zaune ina ta lissafi: Dala da Barbushe, ganuwa da ƙofofinta, rijiyar Kusugu da macijinta, 'yan tauri, 'yan dambe da mawaƙansu. Wa ya fi mu kayan haɗi? Amma wanda zai haɗa sai ya san cikin na'ura, kuma ban ga alamar dannawa kawai tana kai mutum can ba.

Don haka ga hukunci. A kwantenar da za ta taso ƙarshen wata na saka wa Auta akwatin kayan gyaran waya da na sayo a Huaqiangbei ta Shenzen, kasuwar da za ka wuni kana hawa bene kana sauka ba ka ga komai ba sai kayan waya, 'yan mata sa'anninsa suna like ƙananan ƙarafa a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Akwai sukuddireba iri-iri, da ƙarfen narka dalma, da mita, da kwamfutar cinya ta hannu mai lafiya. Sharaɗi: duk Asabar ya bi abokin Yaya shagonsa na gyaran waya da ke titin Beirut a Kano, ko shara ce ya fara da ita. Gem kuma daga bayan isha'i zuwa ƙarfe 10, sannan waya ta kwana a ɗakin Hajiya. Hajiya, ke ce gwamnatin Chana a gidan nan. In ya kawo miki waya ya ce ki ƙifta ido, kin san zancen.

Af, Auta, Tecno ɗin da kake rainawa, a Shenzen kamfaninta yake, Transsion, shi ne kuma mai Infinix da itel. Na nuna wa maƙwabcin nan tawa, ya jujjuya ta ya ce bai taɓa jin sunan ba. Don mu ake yin ta, ba a sayar musu.

Ummi, na ji saƙonki kan finafinai 22 masu dogon zango da hukumar tace finafinai ta Kano ta dakatar a watan jiya. Na san an taɓa miki na daren Juma'a. Ni dai da za a ba ni almakashin, ba abin da suke dubawa zan fara yankewa ba. Zan yanke shigowar mota ne: a yi hon, maigadi ya taso, ya buɗe get, a shiga, a kashe mota, a fito, a gaisa da maigadi, a tambayi iyalinsa. Minti shida, ni kuwa a nan YouTube ba ya buɗuwa sai da VPN, manhajar zagaye shingen intanet, yana yi yana yankewa. Duk da haka ba na fashi, don in na ji ana “sannu da gida” ana shimfiɗa tabarma sai in ji kamar a tsakar gidanmu nake. Su nan sun koma wani sabon yayi, fim a tsaye daidai fuskar waya, kowane kashi minti ɗaya ko biyu, kafin ka ƙifta an yi mari, an yi saki, talakan ya zama mai kamfani. Shirme ne tsantsa, amma kuɗin da ya kawo a 2024 ya zarce na gidajen silimarsu gaba ɗaya. Silima kuwa sau ɗaya na shiga bana, aka ja ni kallon katun ɗin nan Ne Zha 2 da ya tara sama da dala biliyan 2, abin da wani katun bai taɓa yi ba a duniya. Ban ji ko kashi ɗaya cikin goma na maganar ba, amma na ga ƙato da gemu yana share hawaye a gefena wurin da uwar yaron ta rungume shi. Wanda ya shirya shi ilimin haɗa magunguna ya karanta a jami'a. Kada Auta ya ji wannan ya ce ga hujja: sai da mutumin ya gama karatun tukuna.

Yaya, ka tambayi kasuwa. Da Trump ya kai harajin kayan Chana kashi 145 cikin ɗari a watan Afrilu, masu masana'antun da a da sai ka yi musu waya uku kafin su ɗaga, su suka riƙa nemanmu da shayi da “aboki, aboki”. Gaba ta kai mu, gobarar Titi. Na samu ragi mai kyau a batiran sola a lokacin. Da aka sasanta a Janeba ranar 12 ga Mayu aka sauko da shi zuwa 30, sai shayin ya fara hucewa. Matsalarmu dai naira ce: yuwan ɗaya ya haura naira 200, duk ragin da na samo a nan canji yake cinyewa kafin kaya su iso Legas. Solar gidan tana cikin kwantenar, faranti huɗu da batir da inbata. Tun duhun Oktoban bara da Arewa ta yi kwana da kwanaki babu wuta na ƙudura wannan. Ka nemo mai haɗawa na gaske, ban da yaron nan da ya ƙona firijin Gwaggo.

Na ga hotunan ambaliyar Mokwa, na kasa cin abinci ranar. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba iyalansu haƙuri. In akwai inda ake tara taimako a masallacin unguwa, Yaya ka saka mini 20,000 a lissafina. Batun hawa kuma, na ji bana ma shiru. A Disambar bara UNESCO ta saka hawan Sallar Kano cikin kayan gadon duniya, na yi ta nuna wa 'yan Chana bidiyon hawan Daushe ina cika baki, yanzu ɗaya yana tambayata yaushe zai zo ya gani. Na ce masa dawakan suna hutawa. Allah ya daidaita tsakanin manyanmu.

A gaida Kawu da Gwaggo da Liman da duk maƙwabta. Maman yara, taki takardar daban take. Zan kira da bidiyo bayan la'asar ɗinku, sha ɗayan dare ke nan a nan, a tara mini yaran da kayan Sallarsu kafin su ɓata su da maiƙo. Ummi, kada ki kuskura ki faɗa mini ko an ɗaura auren nan, kashi uku nake baya.

Naku,
ɗanki na Gwanzu