Ra'in Tsari da Tsamin Bakin Gizo

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina koyar da Hausa a wata sakandare a Argungu. Ɗalibaina da sun ji "ra'in tsari" sai su tsuke fuska. Ra'in kuwa hanya ce ta nazarin adabi da ke duba ƙashin ginin labari. A 1928 wani masanin Rasha, Vladimir Propp, ya tankaɗe tatsuniyoyin ƙasarsu, ya ga ayyuka 31 ne ke maimaituwa, 'yan wasan kawai ake sauyawa. Muka gwada a aji: Gizo ya yi ha'inci, asiri ya tonu, ya ari na kare. Muka sa zomo a gurbinsa, ƙashin labarin bai motsa ba.

Amma ina da ja. Kakata kan kwaikwayi tsamin bakin Gizo har mu yi ta birgima kan tabarma. Wannan fa, a wane gurbi masu ra'in za su sa shi?

Naku,
Malamin Hausa, Argungu