Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Kwamishinar Dillancin Gidaje ta Jihar Kalifoniya, Chika Sunquist

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni Bahaushe ne mazaunin birnin Stockton da ke jihar Kalifoniya ta Amurka, direban babbar mota, kuma ina cikin dubban mutanen da gidajensu suka suɓuce musu bayan kasuwar gidaje ta ruguje a 2008. Na rubuta da harshena ne domin 'yan'uwana da ke zaune a ƙasar nan su ma su ji abin da nake roƙo a madadinsu.

Maganata a kan cinikin faɗuwa ce, wato a sayar da gidan da ke jingine a banki a kan kuɗin da bai kai bashin da ke kansa ba, banki ya amince ya karɓi abin da ya samu ya saki gidan. Irin wannan ciniki ba ya faɗuwa sai wani ya tsaya tsakanin mai gida da banki yana kai gwauro yana kai mari, wata da watanni. Wannan mai shiga tsakanin shi ne damuwata.

A 2006 na sayi gidana. Kafin 2010 darajarsa ta faɗi ƙasa da rabin bashin da ake bi na, aiki kuma ya ja baya. Wata Juma'a bayan an sallame, aka haɗa ni da wani mutum mai fara'a, yana jin yarenmu, ya ce shi sana'arsa ke nan, sasantawa da bankuna. Ya karɓi dala 2,500 kafin alƙalami, ya sa na rattaba hannu a takardar da ta ba shi izinin magana da banki da yawuna, sannan ya ja mini kunne: ko banki ya kira, kada in ɗaga. Na bi maganarsa. Wata huɗu ina kiransa yana cewa an kusa. Ranar da gaskiya ta fito, matata ce ta dawo daga kai yara makaranta ta tarar da takardar gwanjo manne a ƙofa, da rana da lokaci da wurin da za a sayar da gidan. Ta ɓamɓare ta a hankali don kada maƙwabta su gani, ta ninke ta sa a jakarta, ba ta iya faɗa mini ba sai da na ci abincin dare. Daga baya na gano ko takarda ɗaya mutumin nan bai kammala wa banki ba, kuma ba shi da lasisin komai.

Na san doka ba ta yi shiru ba. A jihar nan, duk wanda zai karɓi lada don ya yi wa mai bashi sasanci da banki a kan bashin da aka jingina gida, dole ya zama dillali mai lasisin hukumarki, ko ma'aikacin da ke ƙarƙashin dillalin da nasa lasisin, ko kuwa lauya da ke yi wa mutum aikin lauya. Wanda ya yi ba lasisi yana iya fuskantar tarar da ta kai dala 20,000 ko ɗaurin wata shida. Gwamnatin tarayya ma ta haramta karɓar kuɗi kafin aiki a wannan harka tun watan Janairun 2011. Ina goyon bayan wannan ɗari bisa ɗari, kuma dalilina ba na ilimi ba ne, na wanda abin ya ci ne. Da mai lasisi ne ya damfare ni, da zan iya kai shi kotu, in ya kasa biya in nemi diyya daga asusun da hukumarki ta tanada, wanda ke biyan har dala 50,000 a kan ciniki guda. Ni kuwa ba ni da inda zan dafa. Lambar wayarsa ta daina shiga, shi ke nan.

To amma dokar tana yoyo, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Waɗannan mutane ba sa kiran kansu dillalai. Wani ya ce shi mai haɗa takardu ne, wani mai ba da shawara, wani kuma tafinta kawai. Wasu sukan fake a bayan dillali mai lasisi wanda bai taɓa ganin fuskar mai gidan ba, ya ara musu sunansa a raba la'ada. Roƙona shi ne lasisi ya hau wuyan wanda bakinsa ke magana da banki. Takardar izinin nan da na sa wa hannu, a wajabta rubuta sunan mutum da lambar lasisinsa a kanta, kuma a hana banki sauraron duk wanda bai kawo su ba. Minti biyu sun isa ma'aikacin banki ya duba lambar a shafin hukumarki na intanet.

Lasisin dillanci shi kaɗai ma bai wadatar ba, a ganina. Mutum yana iya ƙwarewa wajen nuna gida da sasanta farashi, amma bai san kan bashi na biyu da ke kan gida ba, wato wani bashin da aka ƙara ci da jinginar gidan bayan na farko, bai san cewa bashin da aka yafe yana iya zama abin da hukumar haraji za ta lissafa a matsayin kuɗin shiga ba. Tun 2011 dokar jihar nan ta hana bankin da ya amince da cinikin faɗuwa a rubuce ya dawo yana bin mai gida ragowar bashi, kuma a watan Yulin shekarar aka faɗaɗa ta har ta shafi masu bashi na biyu. Sai dai wannan kariya ba ta rufe wanda aka samu da zamba a cinikin. Ke nan mai shiga tsakani da ya ce wa bawan Allah ya ɓoye wani abu a takarda, ko a miƙa wani kuɗi ta bayan fage, ya jefa shi cikin ramin da doka ta riga ta cike masa. Masu shirya bashin gida an ɗora musu ƙarin jarrabawa da rajista tun bayan dokar tarayya ta 2008. Me zai hana a yi haka ga masu warware bashin? Wanda ya taɓa aiki a banki ya san harkar ciki da bai, ƙofa a buɗe take, ya zauna jarrabawa ya karɓi takardarsa.

Haka kuma kada a bar mai sasanci ya zama yana da hannu a wajen mai saye. An sha ganin wanda ya kai wa banki farashin banza, abokinsa ya saye, cikin 'yan kwanaki su sayar da riba. Ba a ba kura ajiyar nama.

Abu na ƙarshe ya shafe mu kai tsaye. Dokar jihar nan ta tanadi fassarar wasu yarjejeniyoyi ga masu Sifaniyanci, Sinanci, Tagalog, Biyetnamanci da Koriyanci. Mu masu Hausa, da masu Fulatanci da Amharik da Somaliyanci, ba ma ciki, shi ya sa duk wanda ya gaishe mu da yarenmu sai mu sakankance da shi. Tafinta ya yi tafintarsa, ba mu ƙi ba, amma kada ya karɓi kuɗin sasanci. Ina roƙon hukumarki ta buga gargaɗi na shafi guda cikin waɗannan harsuna, a kai masallatai da majami'u da shagunan kayan abincin Afirka. Tun gobarar da ta ci Altadena da Pacific Palisades a yankin Los Angeles a Janairun 2025 akwai masu biyan bashin gidan da ya zama toka, kuma irin mutumin da na haɗu da shi ranar Juma'ar nan bai yi ritaya ba. Idan an tashi yin fassarar Hausa, ni da abokaina za mu yi ta kyauta, mu raba da hannunmu.

Na gode da saurare.

Naki cikin girmamawa,
Wani mazaunin Stockton