Rahoton Ayyukan Shekarar 2020: Yaranmu na Sakandare a Lokacin Korona

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayen ƙungiya, malamanmu, shugaba da 'yan kwamiti, da sauran 'yan uwa maza da mata na Agege da kewaye, barkanmu da ganin sabuwar shekara. Bisa al'ada a gaban taro ake karanta wannan rahoto a ƙarshen Disamba, kowa ya ji da kunnensa ya yi tambaya. To, cutar korona ta sake tasowa a watan, kwamiti ya ga bai dace a tara dattawa a ɗaki ɗaya ba. Shi ya sa ya zo muku a rubuce ta WhatsApp. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa don Allah. Lissafin kuɗi ba ya cikin wannan takarda, ma'aji zai turo nasa daban da rasiɗai. Mambobinmu da suka riga mu gidan gaskiya a cikin shekarar, Allah Ya jiƙan su, Ya raya abin da suka bari.

Shirin da muka shiga shekarar da shi kaɗan ne daga ciki ya yiwu. Mun tsara darasin Asabar ga 'yan aji shida, da muhawara tsakanin yaran unguwanni, da ranar ba da kyaututtuka. Tun kafin cutar ta iso aljihun iyaye ya fara girgiza, domin daga 1 ga Fabrairu gwamnatin jihar Legas ta hana acaɓa da Keke Napep a wasu ƙananan hukumomi, ciki har da Ikeja da Apapa da Surulere, kuma kowa ya san yawan mambobinmu da ke ci daga wannan sana'a. Ranar 27 ga Fabrairu aka tabbatar da mutum na farko mai korona a Najeriya, ɗan ƙasar Italiya, a nan Legas. Allah Ya taimaka yaranmu sun zauna jarrabawar JAMB a tsakiyar Maris kafin komai ya tsaya. Ranar Litinin 23 ga Maris aka rufe makarantun jihar, mako guda bayan nan, daren 30 ga Maris, dokar kulle da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa Legas da Ogun da Abuja ta fara aiki. An ce kwana 14. Sai 4 ga Mayu aka fara sassautawa, makarantu kuwa suka ci gaba da zama a garƙame.

Gwamnatin jiha ta sa darussa a rediyo da talabijin, kuma mun yaba mata. Amma wanda bai shiga gidajenmu ba ba zai gane abin da ya hana yawancin yaranmu cin moriyarsu ba. Ɗaki ɗaya ne, uba da uwa da yara, ga ƙannai na kuka, ga maƙwabta a tsakar gida. Talabijin sai da wuta, wutar kuma ba ta san lokacin darasi ba. Malamin rediyo yana magana da Turanci cikin sauri, yaro ba shi da halin ɗaga hannu ya ce a maimaita. Lissafi kuwa ba abin da ake koyo da kunne kaɗai ba ne, sai ido ya ga yadda aka jera lambobi. Makarantun kuɗi da yawa sun koma koyarwa ta intanet, wannan kuma sai mai babbar waya da kuɗin data. A gidaje da yawa waya ɗaya ce tak, ta maigida, ita ce kuma jarinsa: da ita yake jin ko motar tumatur ta iso kasuwar Mile 12, da ita ake kiransa aiki. Ba ta shigowa hannun yaro sai bayan sallar isha'i, caji ya kusa ƙarewa.

Da muka fahimci haka sai muka daina jiran abin da ba mu da shi. Matasanmu 'yan jami'a suna zaune a gida saboda yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU da ya fara a Maris bai ƙare ba sai Disamba, su muka roƙa, kuma ba su ba mu kunya ba. Suka raba darussa a tsakaninsu. Kowane dare ɗaya zai warware tambayar lissafi ko kimiyya a takarda, ya ɗauki hotonta, ya biyo da saƙon murya yana bayani da Hausa, sannan ya maimaita kalmomin da Turanci yadda yaro zai same su a jarrabawa. Saƙon murya ba ya cin data kamar bidiyo, kuma yaro na iya saurare sau uku ko huɗu. A ganina wannan shi ne aiki mafi albarka da ƙungiyar nan ta yi tun kafa ta. Akwai yaran da suka gaya mana a bakinsu cewa abin da suka shekara suna haddacewa ba su gane ba, sai da suka ji shi da harshen gida ya zauna musu. Ina roƙon kwamiti kada a bar wannan ya mutu don an koma aji.

Ga waɗanda babu waya a gidansu ko kaɗan, mun buga tsofaffin tambayoyin WAEC a takarda. Ranakun da aka yarda a buɗe kasuwar abinci, 'yan uwa masu fita su ke ɗaukar takardun su ajiye a shagunan da aka sani, yara su karɓa, su dawo da amsa a wurin. Wasu mambobi sun ba da tsofaffin rediyoyinsu, ƙungiya ta sayi batir. Da babu gara ba daɗi.

Watan Afrilu ya yi mana nauyi. Kun tuna dararen da aka yi ta jita-jitar 'yan daba za su shigo unguwanni, aka riƙa kunna taya a bakin layi ana kwana a tsaye. Samarinmu 'yan aji biyar da shida suna cikin masu gadin nan, yaron da ya kwana a titi kuwa ba zai buɗe littafi da safe ba. Azumi ya zo cikin kulle, masallatai a rufe, babu tafsiri, babu Islamiyya. Abincin da muka tara a watan mun fara kai shi ne gidajen marayu da na zawarawa masu 'ya'ya a sakandare, domin mun san yunwa ce ke fara fitar da yaro daga makaranta.

A nan ne babban abin da nake son mambobi su tsaya su duba. Cutar kanta, alhamdu lillahi, ba ta yi wa yaranmu ɓarnar da muka ji tsoro ba. Abin da ya kusa cinye su shi ne dogon zama. Yaro ya bi babansa kasuwa ya fara riƙe kuɗin kansa, ko ya shiga dako, ko ya karɓi babur ɗin yayansa yana zagaya lungu. Bayan wata uku ka ce masa ya koma ya zauna a benci, sai ya ga kamar ka mayar da shi baya. Da aka ɗage dokar hana tafiya tsakanin jihohi a farkon Yuli, iyaye da yawa suka tura iyali gida, Kano, Katsina, Sakkwato, Zamfara, don rage nauyin haya da abinci, ga damina ana neman hannu a gona. Ba na zargin kowa, na san abin da ya kai su. 'Yan mata kuma sai maganar aure ta taso, ana cewa tunda ba a san ranar buɗe makaranta ba, zaman me take yi?

Kwamitin mata ne ya ɗauki wannan a kansa, kuma duk godiyar da za mu yi musu ba ta isa ba. Gida gida suka bi da takunkumi a fuska, suka zauna da iyaye mata, inda magana ta fi ƙarfinsu suka koma wurin limamai da dattawa a yi wa maigida magana cikin mutunci. Ba su je da faɗa ba, ba su kuma ce aure laifi ne ba. Abin da suka roƙa shi ne a bar yarinya ta zauna jarrabawar da aka riga aka yi mata rajista, in an sa rana a ɗaga ta zuwa bayan takardar ƙarshe, kuma a yi wa mijin sharaɗin ci gaba da karatu tun kafin a shafa fatiha. Gidaje da dama sun amsa. Wasu ba su amsa ba, kuma wannan yana nan a zuciyata har yau.

Jarrabawar WAEC da ya kamata a fara a Afrilu aka ɗage. A farkon Yuli Ministan Ilimi Malam Adamu Adamu ya ce makarantun gwamnatin tarayya ba za su shiga ba a shekarar, yara da yawa suka ji haka suka ajiye littafi gaba ɗaya. Kafin wata ya ƙare magana ta sauya: 'yan ajin ƙarshe su koma, a fara jarrabawa 17 ga Agusta. A Legas sun koma 3 ga Agusta, kwana uku bayan Babbar Sallah. Mako biyu ke nan tsakanin komawa da takardar farko, bayan sama da wata huɗu a gida, kuma lissafi aka fara da shi. Kwanakin nan waya ba ta huta ba a hannun 'yan kwamiti, ana neman yaran da ke Arewa. Direbobinmu na manyan motoci da 'yan uwa na tasha sun ɗauko wasu kyauta, ƙungiya ta biya wa wasu kuɗin mota. Telolinmu suka ɗinka takunkumi na yadi, biyu ga kowane ɗalibi, ya sa ɗaya ya wanke ɗaya. An kammala jarrabawar 12 ga Satumba ba tare da mun ji wani yaronmu ya kwanta ba.

Sauran azuzuwa a hankali aka buɗe musu. 'Yan aji uku da aji biyar na makarantun gwamnati sun koma 21 ga Satumba, sauran kuma 19 ga Oktoba. Kwana ɗaya tak suka yi aka sake rufewa saboda zanga-zangar EndSARS ta adawa da zaluncin 'yan sanda, washegari aka sa dokar hana fita a jihar. Jarrabawar NECO da ake tsakiyar yi ita ma ta tsaya. Wasu 'yan uwanmu sun yi asarar dukiya a rikicin da ya biyo baya a wajen unguwar Fagba, cikinsu akwai iyayen ɗalibai, mun kai musu jaje da abin da ya sawwaƙa. An koma aji 2 ga Nuwamba.

A ranar ce kuma WAEC ta fitar da sakamako. A faɗin ƙasa kashi 65.24 cikin ɗari na waɗanda suka zauna ne suka sami kiredit biyar ko fiye har da Turanci da lissafi. Namu yaran, waɗanda suka kawo takardarsu muka gani da ido, akasarinsu sun sami abin da za su nemi jami'a ko kwalejin ilimi ko ta kimiyya da fasaha da shi. Inda aka fi samun tuntuɓe shi ne Turanci, kamar kullum, musamman rubutun insha'i, wanda ba a gyara shi ta saƙon murya, sai malami ya zauna da jan biro.

Sunayen waɗanda suka yi fice za a kira su ranar kyauta, ba zan sa su a takardar da za ta yi yawo a wayoyi ba. Amma akwai waɗanda ba zan iya wucewa ban ambata ba. Wata yarinya marainiya, mahaifiyarta na sayar da abinci, ita ke wanke-wanke har dare, sai an tashi take aron wayar maƙwabciya ta kwafe darasin ranar a littafi da fitilar caji. Ta fito da sakamakon da ya fi na kowa a cikin matanmu, kuma aikin jinya take so. Wani yaro ya iso daga ƙauye saura kwana biyu a fara, hannunsa duk kanta saboda noma, ya zauna ya ci duk darussansa. Akwai kuma ɗan aji biyar da ya koyi ɗinki a lokacin kulle, shi ya ɗinka kaso mai yawa na takunkumin da muka raba, da aka buɗe makaranta ya koma ajinsa, yana zuwa shago ranar Asabar da Lahadi. Kwamiti ya amince a ba shi kyauta daidai da ta masu sakamako, na kuma goyi bayan haka, domin komawa aji bayan ka ɗanɗana kuɗi ba ƙaramin abu ba ne ga yaro.

Inda muka gaza, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Hankalinmu duk ya tafi kan 'yan aji shida, muka bar 'yan aji ɗaya da biyu, waɗanda su suka fi daɗewa a gida, kusan wata bakwai. Malamai sun gaya mana wasunsu sun dawo karatun Turanci ma yana yi musu wuya. Haka kuma maganar wata makarantar kuɗi da ta riƙe sakamakon yaranmu biyu sai an biya kuɗin zangon da ba a yi a aji ba, mun je sau biyu, an rage wani abu, amma ba a gama ba. Muhawara da ranar kyauta duk ba a yi su ba.

Makarantu sun koma zango na biyu ranar 18 ga Janairun 2021. Darasin Asabar zai dawo, a tsakar gida ba a ɗaki ba, da bokitin ruwa da sabulu a ƙofa, kuma wannan karon da ƙananan azuzuwa za a fara. Muna neman malamin Turanci guda da zai riƙa duba insha'i, ko da ɗan alawus ne. Tunda jami'o'i sun fara buɗewa, matasan da suka riƙe mana darasin waya za su tafi, don haka waɗanda suka gama sakandare a 2020 suna jiran gurbi su ya kamata su karɓa.

Akwai takarda a hannuna mai sunayen yaran da ke cikin rajistarmu a Maris amma har yau ba su koma aji ba. Wasu mun san inda suke, wasu lambar iyayensu ba ta shiga. Zan zauna da ita a ofis kowace Lahadi bayan la'asar. Duk wanda ya san gidan su wani a Arewa, ko ya ga yaro a kasuwa ko a tasha lokacin da ya kamata yana makaranta, ya zo mu duba tare, in ma a can garinsu zai ci gaba, mu taimaka a karɓo masa takardar canjin makaranta.

Wassalamu alaikum.

Sakataren ƙungiya,
Agege, Legas.